Neman shawara: wane kamshaf ya dace da Silverado mai jan tirela jefi-jefi tsakanin Abuja da Jos?

Baban Sadiƙ, Kubwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida manya da ƙanana na wannan zaure, kuma ina neman shawarar waɗanda suka fi ni sanin inji kafin in kashe kuɗin da zan dawo ina cizon yatsa a kansu.

Motata Chevrolet Silverado 1500 ce ƙirar 2006, mai inji V8 na lita 5.3 da giya huɗu mai sauya kanta, kuma tayoyin baya ne kaɗai ke ja. Tokumbo na saye ta shekara huɗu da suka wuce, yanzu agogonta ya haura mil 170,000. Galibin aikinta bai wuce ta kai ni ofis daga Kubwa zuwa cikin gari ta dawo da ni ba, amma sau biyar ko shida a shekara nakan ɗaura mata tirela zuwa gonarmu da ke kusa da Kuru a Jihar Filato, in hau da taki da injin ban-ruwa, in sauko da buhunan dankalin Turawa. Idan aka haɗa tirelar da abin da ke cikinta, nauyin yakan kai tan biyu zuwa biyu da rabi, kuma duk wanda ya saba bin hanyar Akwanga ya san cewa a Hawan Kibo ake gane motar da ke da ƙarfi da wadda girman jiki kawai gare ta.

Makonni uku da suka wuce inji ya fara wata ƙara kamar ana ƙwanƙwasa cokali a kwano. Da bakanikena na Apo ya buɗe, sai ya tarar tafet guda, wato ƙarfen da ke bin tozon kamshaf yana isar da motsinsa ga bawul, ya lalace har ya cinye tozo ɗaya a jikin kamshaf, saboda haka sauya kamshaf ya zama dole. Ɗan yayana da ke karatu a Teksas ya ce tunda an riga an buɗe inji, asara ce a mayar da irin na kamfani, alhali da ɗan ƙari za a sami wanda zai ƙara wa motar ƙarfi. Ya turo mini guda uku in zaɓa. Na farko an rubuta masa 206/212 da 112, na biyu 212/218 da 113, na uku kuma 224/230 da 110, kuma dukansu an ce suna ɗaga bawul kusan inci 0.550. Shi yaron na ukun yake so, har ya haɗo mini da bidiyon wata mota da aka saka wa shi tana gurnani tana girgiza a sulo, wato inji na aiki ba a taka totur ba, kuma ba zan ɓoye muku ba, ƙarar ta burge ni.

Abin da nake son sani shi ne wanne daga cikinsu zai ƙara mini ƙarfi ba tare da motar ta kasa ni a hawa da kaya ba, sannan me kuma zai zama dole in sauya tare da shi. Na gode, Allah ya saka da alheri.

Injiniya Ɗan Bukuru

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya kiyaye gaba. Kafin a kai ga zaɓi ya kamata mu fara sanin abin da lambobin nan suke faɗa, domin masu sayar da kaya sun fi son mutum ya saurari bidiyo a kan ya karanta takarda.

Kamshaf ne ke yanke lokacin da bawul zai buɗe, da nisan da zai buɗe, da lokacin da zai rufe, kuma juyi ɗaya yake yi a duk juyi biyu na karanshaf, babban sandan da fistin ke juyawa. Lambobi biyun farko, kamar 206 da 212, suna nuna tsawon zaman da bawul ɗin shigar iska da na fitar hayaƙi suke yi a buɗe, ana ƙirga shi da digirin juyin karanshaf tun daga inda tafet ya ɗaga da inci 0.050 har ya dawo wannan matsayi. A tambayi yaron ya tabbatar da wannan ma'aunin aka yi amfani, saboda wasu kan rubuta wata lamba mafi girma, irin su 260 ko 270, wadda aka auna tun daga farkon motsin tafet, kuma ba a gwama ta da waccan. Kamshaf ɗin da injinka ya zo da shi daga kamfani kimanin 191 da 190 ne, ɗagawarsa ba ta kai inci 0.470 ba, lambarsa ta uku kuma kimanin 114. Ke nan ko mafi ƙanƙanta a cikin ukun da aka turo maka ya ɗara na asali da digiri 15, wanda ba ƙaramin ƙari ba ne.

Bawul ɗin shiga ba ya rufewa a daidai lokacin da fistin ya kai ƙasa, yakan ɗan jinkirta har fistin ya fara komawa sama. Idan inji yana juyi da sauri, iskar da ta taho a guje takan ci gaba da cusa kanta cikin silinda duk da fistin ya juyo, shi ya sa dogon kamshaf ke ba da ƙarfin doki mai yawa a juyi 5,500 ko 6,000 a minti. A ƙaramin juyi kuwa iskar ba ta da wannan karsashi, sai fistin ya maido da wani kaso nata baya ta bawul ɗin da bai gama rufewa ba, matsi ya ragu a silinda, ƙarfin ja ya ragu tare da shi. Masu wannan harka suna ƙiyasin cewa duk ƙarin digiri 10 yakan matsar da inda inji ya fi ƙarfi sama da kusan juyi 500.

To, sai mu duba inda motarka take rayuwa. Giyabos ɗinka 4L60E ne, giyoyinsa 3.06 da 1.63 da 1.00 da 0.70. Idan tayarka 265/70R17 ce kuma aksil ɗinka na baya 3.42 ne, wato shaf yana juyi 3.42 kafin taya ta yi juyi ɗaya, a gudun kilomita 100 cikin giya ta huɗu injinka yana juyi kusan 1,580 ne kawai, a ta uku kusan 2,260, idan kuma kana hawan Kibo a giya ta biyu da gudun kilomita 60, kusan 2,200. Wato aikinka duka yana tsakanin juyi 1,500 da 3,500, kuma a daidai wannan fage ne kamshaf na uku yake barci, don sai an haura 3,000 yake fara nuna kansa.

Akwai kuma abin da mai magana daga Teksas ba zai tuna ba, wato tsayin ƙasa. Jos tana kimanin mita 1,200 a saman teku, Abuja kuwa wajen mita 500 take. Injin da ba shi da tobo yakan yi asarar kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk hawan mita 300, don iska tana ƙara sirancewa. Injin da kamfani ya rubuta wa ƙarfin doki 295, kafin ya iso Kuru abin da ya rage masa bai fi 260 ba, ko da sabo ne fil. Idan ka ɗora kamshaf mai zubar da matsi a kan iskar da dama ba ta cika ba, ka haɗa wa inji rashi biyu a wurin da ka fi bukatarsa.

Lamba ta uku, 112 ko 113 ko 110, ratar digiri ce tsakanin ƙololuwar tozon shiga da na fita. Idan ratar ta matse, lokacin da bawul biyun suke buɗe tare yakan ƙaru, kuma wannan haɗuwa ce ke haifar da gurnanin da ya burge ka: hayaƙi ne ke komawa cikin silinda yana hana wuta kamawa daidai a sulo. Lissafinsa mai sauƙi ne, a haɗa lambobi biyun farko a raba biyu, sannan a cire ninkin ta uku. Na asali zai ba ka kusan 37 ƙasa da sifiri, na farko 15 ƙasa da sifiri, na biyu 11 ƙasa da sifiri, na uku kuwa ya tsallaka zuwa 7 sama da sifiri. Abin da ya sa na damu da wannan shi ne birki. Idan birkinka irin mai bosta ne da ke dogara da tsotson inji, kamar yadda yawancin 1500 suke, to ka sani haɗuwar bawul tana rage wannan tsotso a sulo, tsayin Jos kuma ya riga ya cinye kusan inci 4 daga inci 18 zuwa 20 da lafiyayyen inji ke nunawa a agogon awon tsotso a bakin teku. Mutum mai tan biyu a bayansa, yana taka birki yana saki a layin shingen bincike a kan gangara, ba ya bukatar birkin da zai yi masa tauri a taku na uku.

A ra'ayina na farkon za ka ɗauka, Alhaji. Na biyun yana iya yiwuwa bisa sharuɗɗa, amma na uku a bar wa mai motar da ba ta taɓa ganin tirela ba.

Malam Bakanike, Apo

Ranka ya daɗe Alhaji, Allah ya rufa asiri. Injiniya ya yi bayani irin na masu ilimi, ni kuma zan faɗi abin da na gani da hannuna cikin baƙin mai. Da motar tawa ce, kamshaf irin na kamfani zan mayar in huta, saboda duk inda ta lalace, ko a Dilimi ne ko a Keffi, za a sami wanda ya san yadda take. Amma tunda na ga zuciyarka ta karkata ga ƙarin ƙarfi, kuma na farkon bai yi nisa da hankali ba, bari in faɗa maka abin da kamshaf ke jawowa, don ba shi kaɗai yake zuwa ba.

Sifirin bawul na asali an yi shi ne don ɗagawar da ba ta kai rabin inci ba, ga shi kuma ya yi mil 170,000 yana aiki. Idan ka ɗora masa 0.550 yana iya karyewa, bawul ya faɗa wa fistin, daga nan kuma maganar sabon inji ake yi. Saboda haka a sayo sifirin da mai kamshaf ɗin ya ambata, guda goma sha shida, tare da robar bawul. Tafet ma dukansu goma sha shida za a sauya, da robobi huɗu da ke riƙe su, domin idan robar ta tsufa takan bar tafet ya juya a gurbinsa, tayarsa ta daina bin tozo daidai, kuma sau da yawa hakan ne mafarin irin ɓarnar da ta same ka. A wannan inji ba a fitar da tafet sai an cire tofsilinda, wato murfin saman silinda, don haka a haɗo da gasket da sababbin kusoshin tofsilinda da babban kusan fulin karanshaf, saboda irin waɗanda ke miƙewa ne idan an ɗaure su, sau ɗaya ake amfani da su. Na san a garejinmu da yawa ana mayar da tsofaffin, amma ba daidai ba ne.

Ƙarfen da tafet ya ci bai ɓace ba, yana cikin inji. A sauke kaskon mai a wanke shi tas, a duba famfon mai da 'yar robar bututun da ke zuƙo mai, a duba biyarin kamshaf, a sa sabuwar sarƙar taimin. Wanda ya tsallake wannan, sabon kamshaf ɗinsa zai yi wanka da garin tsohon.

A kula da shekara kuma. Injin 2006 kamshaf mai kusoshi uku yake ɗauka, kuma na'urar da ke karanta juyinsa a bayan inji take. Sabon jikin da ya fito daga 2007 an sauya masa tsari, an kawo na'urar gaba, wasu kuma suna da tsarin kashe silinda huɗu don tsimin mai, wanda naka ba shi da shi. Idan yaron ya yi kuskuren shekara, sai kaya sun iso Apo bayan an biya jirgi da kwastan za a gane ba su shiga.

Babban abin da ke sa ni ɗari-ɗari shi ne burenbos, wato kwamfutar motar. Motarka totur ɗinta na lantarki ne, babu sukurun da zan murɗa in daidaita sulo kamar zamanin kabireto. Kwamfutar tana lissafin iska ne bisa kamshaf na asali, idan aka sauya shi ba a sanar da ita ba, mota za ta riƙa mutuwa a danja ko idan an kunna iyakwandishan. Masu iya wannan saiti ba su da yawa a nan, shi ya sa wasu ke sayen na'urar HP Tuners su kwafi bayanan motar su tura wa mai saiti a waje ta intanet, ya gyara ya dawo da shi. A nemo wanda zai yi wannan tun kafin a sayi kamshaf. Kuma a gaya masa gaskiya game da fetur ɗinmu, cewa na wannan gidan mai ba lallai ya yi daidai da na wancan ba, da kuma zafin Abuja a watan Maris da Afrilu, don kada ya gabatar da wuta da yawa inji ya riƙa ƙwanƙwasa a ƙarƙashin kaya. Na'urori biyu da ke sauraren wannan ƙwanƙwasa suna kwance a ƙarƙashin manifol, inda ruwa ke taruwa idan yaran wankin mota sun fesa wa inji ruwa, kuma tsatsa na kashe su. Tunda wurin a buɗe yake, a sauya su yanzu.

Mai Sierra, Rayfield

Salamu alaikum. Alhaji, ni na riga na bi hanyar da ɗanka yake nuna maka, don haka bari in ba ka labarin yadda ta kaya. Tawa GMC Sierra ce ta 2005, injinta ɗaya da naka. Na saka mata kamshaf mai 228 a shiga saboda ƙara, kuma ba wanda ya yaudare ni, ni na nace. Da aka tayar da ita a gareji mutane sun taru suna kallo, amma ina sa giya sai ta fara fizga tana neman tafiya ko ina kan birki, idan na matsa birkin kuma ta mutu. Aka ce ai konbatar asali ce, wato na'urar da ke haɗa inji da giyabos ta hanyar man giya, ba ta dace ba, don tana kamawa tun ƙasa da juyi 2,000, inda sabon kamshaf ba shi da ƙarfi. Na sake yin oda aka kawo mai kamawa a 3,000.

Fizgar ta tafi, kuma idan mota ba kaya aka taka ta a hanyar filin jirgi na Heipang, gaskiya tana tashi kamar an harba ta. Amma irin wannan konbata sulɓi take yi kafin ta kama, sulɓin kuma zafi yake zama a cikin man giya. Ranar da na ɗauko janareta babba a tirela daga Abuja, tun daga Forest na fara jin wari, kafin in gama Hawan Kibo a bayan wata tanka da ke tafiya kamar hawainiya, man giya ya ƙone ya yi baƙi, giya ta uku da ta huɗu suka tafi. A giya ta biyu na lallaɓa har Riyom, daga nan aka ja ni. Kuɗin giyabos ya ninka na kamshaf da konbata a haɗe, ban da shan mai da ya ƙaru a cikin gari, wanda tun da aka cire tallafi a 2023 ba abin wasa ba ne ga mai silinda takwas.

Yanzu na sauko zuwa ƙaramin kamshaf kusan irin na farkon da aka turo maka, na mayar da konbatar asali, na ƙara wa giyabos lagireto na musamman a gaba. Ƙarar ba ta tara mutane, sai wanda ya san inji ne zai ji bambanci a sulo, amma tana hawa da kaya ba tare da na riƙa kallon agogon zafi ina addu'a ba. Ka riƙe wannan a matsayin ma'auni: duk kamshaf ɗin da aka ce sai an sauya masa konbata, ba na mai tirela ba ne.

Abban Humaira, Lugbe

Ina girmama bayanin manyanmu, amma ina ganin an ɗan tsananta wa na biyun. Shi ne a cikin motata shekara biyu ke nan, da konbatar asali, kuma ban taɓa samun matsalar birki ko mutuwa a sulo ba bayan an yi wa kwamfuta saiti mai kyau. Alhaji ya ce sau biyar ko shida yake jan tirela a shekara, wato kwana dozin ɗaya cikin 365, sauran kwanakin kuwa a babban titin Kubwa yake ba kaya. Ko a tafiyar Jos ɗin ma ba hawa kaɗai ake yi ba. Bayan Akwanga hanya takan tsuke, kuma idan za ka wuce babbar mota kafin kwana, giya takan sauko ta biyu inji ya haura juyi 4,000, a nan kuwa na biyun ya fi na farko numfashi ƙwarai.

Sai dai in yi adalci, motata aksil 3.73 gare ta, kuma abin da nake ja bai wuce tan ɗaya da rabi ba. A ƙasa da juyi 2,000 na ji ta ɗan yi sanyi idan aka kwatanta da da, ba sosai ba, amma akwai. Saboda haka kafin a yanke hukunci, Alhaji ya buɗe akwatin gaban fasinja ya duba takardar da aka manna a ciki mai jerin lambobi. Idan ya ga GU5 aksil ɗinsa 3.23 ne, GU6 shi ne 3.42, GT4 shi ne 3.73, GT5 kuma 4.10. Da GT4 ko GT5 ni ba zan ji tsoron na biyun ba.

Baban Sadiƙ, Kubwa

Allah ya saka wa kowa da alheri, na ƙaru ƙwarai. Na duba takardar, GU6 ne a jiki, tayata kuma irin wadda Injiniya ya yi lissafi da ita ce, kuma bakanikena ya tabbatar birkin mai bosta ne na tsotson inji. Na cire na uku daga lissafi, na kuma tura wa yaron labarin Mai Sierra ya karanta da kansa. Zuciyata ta fi kwanciya da na farko, amma maganar Abban Humaira ta sa ni tunani: shin ba zai fi ba in sauya haƙoran aksil zuwa 3.73 ko 4.10 in ɗauki na biyun? Sannan bakanikena yana son a kai tofsilinda a goge fuskarsu tunda an cire su. Ko wannan zai shafi wani abu?

Injiniya Ɗan Bukuru

Alhaji, maganar Abban Humaira gaskiya ce a kan motarsa, amma kai kana da aksil mafi tsawo da kaya mafi nauyi da kusan tan guda, saboda haka ina nan a kan na farko. Kwanakin jan tirela kaɗan ne, haka ne, sai dai su ne kwanakin da kuskure ke da tsada, kuma ko a titin Kubwa ɗin ma da wuya allurar juyinka ta wuce 2,500.

Sauya haƙoran aksil shawara ce mai kyau a karan kanta. Daga 3.42 zuwa 3.73 ƙarfin da ke isa taya zai ƙaru da kashi 9 cikin 100 a kowace giya tun daga tashi, zuwa 4.10 kuma da kusan kashi 20, abin da babu kamshaf ɗin da zai ba ka a juyi 2,000. Illarsa ita ce juyin inji a gudun kilomita 100 cikin giya ta huɗu zai tashi daga 1,580 zuwa kusan 1,730 ko 1,900, da ɗan ƙarin shan mai a doguwar tafiya ba kaya, kuma dole a gyara lissafin agogon gudu a kwamfuta. Tunda bayanka kaɗai ke ja, aksil ɗaya za ka taɓa. Amma ba na son ka haɗa ayyukan biyu a lokaci guda, don idan wani abu ya ƙi daidaita ba za ka san daga ina yake ba, kuma saita haƙoran aksil aiki ne na wanda ke da agogon awo, idan aka yi shi da ido zai riƙa kuka har ya cinye kansa. Kuɗin da za ka fara kashewa bayan kamshaf, a sa su a lagireton man giya da sabon mai Dexron VI da birkin ita tirelar, idan ba ta da shi, domin saukowa da dankali daga Kibo ya fi hawa da taki hatsari. Idan kana ja, ka danna maɓallin jan kaya da ke ƙarshen sandar giya, a hawa kuma ka tsayar da ita a ta uku don kada ta riƙa kai-komo tsakanin uku da huɗu.

Game da tofsilinda, a fara ɗora musu miƙaƙƙen ƙarfe a auna. Idan ba su lanƙwashe ba a bar su yadda suke, idan kuma dole ne, a cire mafi ƙarancin abin da zai daidaita su, a rubuta adadin. Gogewa tana ƙara matsin silinda a kan 9.5 zuwa 1 da injin ke da shi, wanda da fetur ɗinmu ba ribar da za ka nema ba ce, kuma tana sauya tsawon fushrod da ake bukata, wato sandan da ke kai turin tafet zuwa bawul. Na asali inci 7.400 ne, amma sababbin kamshaf galibi gindin tozonsu ya fi na asali ƙanƙanta, don haka yaron ya haɗo da fushrod na awo mai sukuru, a gwada a jikin inji bayan an ɗaure tofsilinda, sannan a yi odar tsawon da ya fito. Zai jinkirta aikin da mako biyu ko uku, ka gaya wa bakaniken tun yanzu don kada ya ƙosa ya mayar da tsofaffin.

Bayan an gama saiti, kada tafiyar farko da kaya ta zama ta Jos. Ka ɗaura tirela da rabin nauyi ka hau Bwari ta Dutsen Alhaji da rana tsaka, da na'urar karanta kwamfuta a jone, wani yana zaune a gefe yana duba zafin man giya da kuma ko kwamfuta tana janye wuta saboda ƙwanƙwasa. Idan man giya ya tsaya ƙasa da digiri 100 na Salshiyas kuma ba a ga janyewar wuta ba, ka ƙara nauyin zuwa tan biyu ka sake hawa, sannan ka turo mana lambobin da aka gani.